Zangon Tantuna a Tsibirin Sen Jon

Ga al'adarmu mutum ba ya barin ɗakinsa ya kwana a fili sai da dalili, ko fatauci, ko kiwo, ko kuwa wata masifa ta kore shi. Saboda haka in muka ce akwai ƙasashen da mai gidan bene ya kan tara kuɗi shekara guda, ya hau jirgin sama ya sauka ya hau na ruwa, don kurum ya je ya yi kwana bakwai cikin ɗakin ƙyalle a bakin teku, wasu cikin 'yan'uwanmu za su ce ƙoshi ne ya yi masa yawa. Mu ma ba mu ce babu ƙoshi a ciki ba. Amma wanda ba abin da ya raba shi da sararin Allah sai ƙyalle, tilas ne ya san iska da ruwa da ƙasar wurin da ya sauka, in ba haka ba ya sha wuya. Don haka muka ga labarin irin wannan zango zai amfani masu koyon labarin ƙasa da masu koyar da shi. Mun zaɓi zango guda mu yi bayaninsa sosai, don ya fi a ambaci goma a gurguje.

Ku buɗe taswirar Amurka ta Tsakiya, ku dubi jerin tsibiran da suka kewaye Tekun Karibiyan. Gabas da Fotoriko akwai wasu ƙanana waɗanda Kolombos ya bi ta cikinsu a 1493, ya sa musu suna Tsibiran Budurwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Sen Jon, a taswira a kan rubuta shi St. John. Girmansa duka bai wuce murabba'in mil 20 ba, mutanensa kuwa wajen 4,000 ne, yana ƙarƙashin mulkin Amurka. Yana kan digiri 18 arewa da layin da ya raba duniya biyu, watau kusan daidai da Bilma, inda Buzaye ke ɗebo gishiri. To, ga Bilma cikin rairayi ba ta ganin ruwan kirki, ga Sen Jon kuwa duwatsunsa lulluɓe da itatuwa har ƙoli, alhali rana ɗaya ce ke dukansu ta fuska ɗaya. Abin da ya bambanta su teku ne, za mu kuwa komo kan wannan.

Babu filin jirgin sama a tsibirin. Baƙo ya kan sauka a maƙwabcinsa Sen Tomas, ya shiga jirgin fito, cikin minti 20 ya iso ɗan garin da a ke kira Cruz Bay. Daga nan motar haya mai buɗaɗɗen gefe za ta ɗauke shi, ta bi hannun hagu kamar yadda a ke yi a Ingila, ta yi ta hawa da gangara kamar mil 5 a gefen arewa, har ta sauke shi a wani lungu inda teku ya shigo cikin ƙasa. Turawa na kiran wurin Cinnamon Bay, watau Lungun Kirfa. Kirfa ta gaske ba ta fitowa a can. Wani itace ne mai ganye mai ƙanshi ya jawo sunan, wanda a farkon ƙarni na 20 a ke dafa ganyensa a tatsi man yin turare. Rairayin wannan lungu ya fi na ko'ina tsawo a tsibirin, bayansa kuma, cikin inuwar itatuwa, nan zangon ya ke.

Masauki iri uku ne. Akwai ɗan fili wanda baƙo zai kafa tantin da ya zo da shi, akwai tantunan da masu zango suka riga suka kafa bisa dandamalin katako da gado a ciki, akwai kuma 'yan ɗakuna na gini don wanda ƙyalle bai kwanta masa a rai ba. Makewayi da wurin wanka na tarayya ne. Wanda ke son wuri a watannin da a ke sanyi a Amurka da Turai, daga Disamba zuwa Afrilu, sai ya kama tun da sauran watanni, don a lokacin nan ne mutane ke gudun ƙanƙara su yo kudu.

Abin da ya kan ba sabon zuwa mamaki shi ne, ya biya kuɗi don ya kwana a bakin teku, amma an hana shi kafa tanti bisa rairayin kansa. Wajen kashi biyu cikin uku na tsibirin gandun gwamnati ne tun 1956, lokacin da wani attajiri, Laurance Rockefeller, ya sayi fiye da eka 5,000 ya ba da kyauta don a tsare. A cikin gandun duka ba a yarda kowa ya kwana a waje ba sai a wannan zango, ba a hura wuta bisa rairayi, ba a kuma kai kwalba can. Wannan doka tana da dalili biyu, na farko don ran baƙon ne. Cikowar teku da janyewarsa a nan kaɗan ce, ba ta cika wuce ƙafa guda ba, har mutum ya sakankance. Amma cikin hunturu hadari ya kan tashi can arewa mai nisa, a inda ba wanda ya gan shi, ya turo manyan raƙuman ruwa su yi tafiyar kwanaki, su zo su faɗa wa wannan gaɓa da tsakar dare, sama kuwa garau da taurari. Wanda ya kafa tantinsa inda ya ga busasshen rairayi da la'asar, ya iya farkawa ya ga tabarmarsa na iyo.

Dalili na biyu kififfiya ce. Akwai irin ta teku, mai baki kamar na shaho, wadda ta kan fito da dare ta ja jiki ta haye rairayi har gindin itatuwan gaɓa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai fiye da 100, ta binne ta koma. Zafin rairayi ne ke ƙyanƙyashe su bayan kamar wata biyu. 'Ya'yan in sun fito ba uwa ba jagora, sai su nufi inda ya fi haske, wanda a asali shi ne fuskar teku. To, in an rataye fitila a bakin tanti sai su ba teku baya su nufi fitilar, gari ya waye musu a kan tudu, tsuntsaye da ƙaguwa su tsince su. Turke ɗaya kuma in ya faɗa kan ramin ya isa ya ɓata shi. Irin wannan kififfiya ta kusa ƙarewa a duniya, don an daɗe ana kashe ta saboda ƙoƙon bayanta da a ke yin mataji da abin ado da shi.

Yanzu sai maganar iska, wadda ita ce uwa uba ga mai tanti. Kusan kullum daga gabas ta ke busowa, wani lokaci ta ɗan karkata arewa. Matuƙan jiragen ruwa masu filafilai na dā da ita suka dogara wajen ƙetare Tekun Atlantika. Ita ce dai iskar da mu ke kira ta hunturu, wadda ke fasa mana leɓe da diddige. Mu ta hamada ta ke biyo mana, ta iso a bushe da ƙura, su kuwa sai ta yi tafiyar mil wajen 3,000 bisa ruwa, ta sha laima ta ƙoshi, ta zo ta ci karo da duwatsun tsibirin, waɗanda mafi tsawonsu ya kusa ƙafa 1,300. Da ta hau sai ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Ga amsar tambayar Bilma ke nan. Har ƙurar Sahara ma ta kan kai musu ziyara, musamman tsakanin Yuni da Agusta, sama ta yi musu hazo su yi ta tari.

Gwanin zango ba ya ɗaure igiya ko ɗaya sai ya tsaya ya ji inda iska ke fitowa. Ya kan juya ƙugun tantin, wajen da ya fi ƙanƙanta, ya fuskanci iska, ya bar tagogin raga a buɗe ta ɓangare biyu don ta ratsa ta wuce. In ya toshe ko'ina don tsoron ruwa, numfashinsa da zufarsa su ne za su taru a rufin su ɗiɗɗigo masa kafin asuba. In kuwa ya buɗe ƙofa sosai ga iska, sai ta cika tantin kamar salka ta nemi tashi da shi, an kuwa ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ƙananan turakun ƙarfe da a ke sayarwa tare da tanti ba su da wani amfani a ƙasa mai rairayi, da an ja sai su zare. Dabarar ita ce a ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace, a haƙa rami kamar kamu ɗaya, a kwantar da itacen a gicciye, a binne a tattake. Wanda ya sami dandamali kuwa sai ya ɗaure a jikin katakon. Sa'an nan a shimfiɗa tamfol daga sama, a bar tazara tsakaninsa da rufin tanti, ya tare rana ya tare ruwa, don ruwan can ba ya sallama. Ya kan zubo kamar da bakin ƙwarya na minti goma, ya ɗauke, rana ta fito kamar ba a yi ba. Kada kuma a kafa ƙarƙashin kwakwa mai 'ya'ya, dalilin wannan ba ya bukatar bayani.

Duk da wannan ruwan sama, wanda ya kan kai inci 40 ko fiye a shekara, ruwan sha shi ne abin da ya fi tsada a tsibirin. Ƙasar ba ta da kauri bisa dutse, gangara kuma ta yi yawa, saboda haka babu kogi ko ɗaya mai gudu shekara duka, sai koramu da ke cika yau su ƙafe gobe. Doka ta tilasta wa mai gina gida ya yi tanki, galibi ƙarƙashin ɗakin, ya bi da ruwan rufinsa ciki da indararo. Wanda tankinsa ya ƙafe sai ya sayi ruwa a mota. Baƙon zango fa ya san cewa abin da ya ke wanka da shi wani ne ya tara, ya jiƙa jiki ya rufe famfo, ya sa sabulu sa'an nan ya buɗe. Ruwan teku ga shi nan iyakar ganinka, amma cikin ko wace lita akwai gishiri wajen giram 35, wanda ya sha ƙishirwa za ta ƙaru, sabulu ma ba ya kumfa a ciki. Malaman fiƙihu dai sun ce mai tsarki ne, alwala ta halatta da shi. Alƙibla daga can gabas ce, a ɗan karkata arewa.

Masu gidan na ainihi ba su jiran a yi musu iso. Da magariba, in iska ta kwanta, sai ƙyashi ya fito daga rairayi, ƙanƙane har ya kan ratsa gidan sauro na kullum, cizonsa kuwa ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Don haka a ke yin tagogin tantin bakin teku da raga mai ido ƙanana ƙwarai. Sauron can ba ya ba da zazzaɓin da muka sani, amma akwai mai zane fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke kawo zazzaɓin dengi mai sa ciwon gaɓoɓi. Akwai wata ƙaguwa marar ƙoƙon kanta, wadda ke shiga tsohon gidan katantanwa ta yi ta yawo da shi, da dare a ji su suna ƙwaram-ƙwaram cikin busassun ganye har baƙo ya zaci ɓarawo ne. Akwai jakuna kuma da ba su da ubangiji, jikokin waɗanda suka yi dakon rake a zamanin dā. Sun koyi buɗe akwatin abinci, an kuwa hana ba su ko ɓawon ayaba, don jakin da ya saba da hannu shi ke cizo da harbi.

Tunku ya fi su duka ɓarna, labarinsa kuma abin lura ne. Masu gonakin rake ne suka ɗauko shi daga Indiya, suka sake shi a Jamaika a 1872 don ya cinye musu ɓeraye, daga can aka yi ta rarraba shi tsibiri tsibiri. Ashe ba su lura ba, tunku da rana ya ke farauta, ɓera kuwa da dare ya ke fita, ga shi kuma ya iya hawan itace. Ɓeraye suka ci gaba da sha'aninsu, tunku ya koma kan ƙwan tsuntsaye da na kififfiya. Yau gonakin raken sun zama daji, shi kuwa yana nan yana leƙen tukunyar baƙi.

Itace ɗaya ne ya wajaba baƙo ya gane tun ran da ya sauka. Sunansa mancinil, yana fitowa a bakin gaɓa, ga inuwa mai kyau, ga 'ya'ya kore masu ƙanshi. Dangin tinya ne da aguwa, wanda ya san abin da ƙaron tinya ke yi wa ido ya fahimci sauran. Cin ɗansa na ƙona baki da maƙogwaro, fakewa ƙarƙashinsa lokacin ruwa na sa jiki ya yi bororo, hayaƙin itacensa kuma na iya rufe ido na kwanaki.

Farin rairayin da ya jawo mutane daga nesa, shi ma teku ne ya yi shi. Murjani, ko da ya ke ya yi kama da dutse ko reshen itace, ƙananan halittu ne masu rai da ke zaune jingim, ko wace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa. Raƙuman ruwa na farfasa matattun gidajen, wani kifi kuma mai baki kamar na aku yana gurgurarsu ya kasayar da gari. Wannan gari shi ne rairayin. Gandun murjanin da ke cikin ruwa kuma shi ke karya ƙarfin raƙuman kafin su iso gaɓa, watau shi ne ganuwar zangon. A 2005 ruwan ya yi zafi fiye da kima, murjanin ya koɗe ya yi fari, cuta ta biyo baya, har fiye da rabinsa ya mutu a wuraren da ma'aikatan gandun ke aunawa. Tun 2020 gwamnatin tsibiran ta hana wasu irin man da Turawa ke shafawa don kada rana ta ƙone su, saboda an ga suna cutar da shi. Mai iyo kuma an gargaɗe shi kada ya taka kome a ƙasan ruwa, don murjanin da kuma don ƙafarsa, saboda akwai wata baƙar halitta kamar bushiya mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa cikin nama.

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya kan iska da kifi muka ƙyale mutanen da suka riga baƙi kwana a wannan gaɓa. Masu tonon kayan tarihi sun sami tukwane da gumaka na mutanen Taino a nan Lungun Kirfa, waɗanda suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. A 1718 mutanen Danmak suka kama tsibirin, suka sare dajin, suka dasa rake da auduga da ƙarfin bayin da suka kwaso daga Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikinsu mutanen Akwamu ne na ƙasar Gana ta yau, waɗanda aka ci su da yaƙi a 1730 aka sayar da su a bakin ruwan Ankara. Ran 23 ga Nuwamba 1733, bayan fari da guguwa da yunwa, wasunsu suka shiga ganuwar sojan da ke gabashin tsibirin da sunan sun kawo itacen wuta, ashe wuƙaƙe ne cikin dammunan. Suka riƙe yawancin tsibirin wata shida, sai da aka kawo sojan Faransa daga Martinik a 1734 aka murƙushe su, wasu suka zaɓi kashe kansu da a mai da su bauta. Ba a 'yanta bayi ba sai ran 3 ga Yuli 1848. A 1917 Danmak ta sayar wa Amurka tsibiran nata a kan dala miliyan 25 na zinariya. Wanda ya ƙetare titi daga zangon zai ga kangon masana'antar sukari, bangon duwatsu da murjani, saiwoyi sun rungume shi. Teku kuma, da ya ke yana cin gaɓar a hankali, ya sha tono ƙasusuwan waɗanda aka binne a wurin, ma'aikata su tattara su sake binnewa. Jikokin mutanen nan suna nan a tsibirin, ba dukansu ne kuwa ke murna da gandun ba. Sun ce ya tsare daji, amma ya sa ɗan filin da ya rage ya yi tsadar da ɗan ƙasa ba ya iya saye, mu kuwa muna ganin kukansu yana da kama.

Saura babbar magana, guguwa. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, ta fi tsanani cikin Agusta da Satumba. Ku tuna da hadarin damina da ke taso mana daga gabas ya wuce yamma. Irin wannan hadari ne in ya bi ta kan ƙasashenmu ya fita teku ta wajen Senegal, ya tarar da ruwa mai ɗumi, wani lokaci sai ya fara juyawa yana shan tururi yana girma. Yawancinsu su kan mutu a hanya. Wanda ya fita a ƙarshen Agustan 2017 bai mutu ba, aka sa masa suna Irma, ran 6 ga Satumba ya iso Sen Jon da iska mai gudun mil wajen 180 a awa. Ya kakkaɓe ganyen tsibirin duka har duwatsu suka koma ja kamar an yi gobara. Bayan mako biyu wata guguwar, Mariya, ta biyo da ruwa mai yawa. A bakin Lungun Kirfa akwai wani tsohon ɗakin ajiya na dutse tun zamanin Danmak, wanda ya yi shekara wajen 300 a tsaye, har an mai da shi wurin nuna kayan tarihi. Raƙuman Irma suka rushe shi. Zangon kansa ya lalace ƙwarai, ya yi fiye da shekara huɗu a rufe, ba a sake karɓar baƙi ba sai a 2022.

Ba wanda ke tunanin ya yi wa irin wannan iska taurin kai da igiya da turke. Jiragen sama da taurarin ɗan adam suna bin guguwar tun tana tsakiyar teku, a kan ba da gargaɗi tun da sauran kwana biyu. Da an ba da shi sai a kwance tantuna a naɗe, a ɗaure abin da ba ya ɗaukuwa, baƙi su yi layin jirgin fito tun bai daina tashi ba, don in teku ya yi fushi a kan rufe tashar, wanda ya makara kuwa sai ya nemi mafaka a ginin siminti tare da 'yan gari.